A Bar Ƙannenmu Su Zo Kallon Wasan Kwaikwayo

A wannan makon muna so mu yi magana kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a makarantu. Duk ranar da za a yi wasan kwaikwayo, sai a tsayar da mai bulala a bakin ƙofa yana korar ƙananan yara, wai za su cika wuri da surutu. Mu a ganinmu wannan kuskure ne. Yaro ɗan shekara biyar ko shida ya fi kowa cancantar tabarmar gaba.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Tun kafin a san allon talabijin, yara ke fita tashe daga daren goma ga watan azumi. Wani ya manna auduga a haɓa, ya riƙe sanda, ya zama tsoho a wasan Tsoho da Gemu. Wani ya rataya saiwoyi da ganyaye ya zama Jatau Mai Magani. A ƙauyuka kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan yi wasan kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Duk waɗannan wasanni a fili ake yin su, kuma ba a taɓa korar yaro daga wurin ba. Da kallo yaro ke koyo, har wata shekara shi ma ya sa gemun auduga.

Marubutanmu ma sun san darajar abin. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu, Umaru Ɗanjuma Katsina kuma ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna. Mu muna karanta irin waɗannan littattafai don jarrabawa, amma asali an yi su ne don a taka a gani. Wanda bai taɓa ganin wasa a dandali ba, zai daɗe yana haddace sunayen taurari bai ɗanɗani daɗin abin ba.

Wani zai ce ai yara suna kallon fim a waya. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Mai kallon waya shi kaɗai ne, in ya gaji ya shafa yatsa ya wuce. A dandali kuwa yaro yana zaune cikin mutane. Yana jin lokacin da kowa ya yi tsit, yana jin lokacin da aka fashe da dariya. Nan yake koyon haƙurin sauraro har labari ya kai ƙarshe. Kuma wanda ke kan dandalin yayansa ne ko yayarsa, da suka ci tuwo tare jiya da daddare. Sai ya gane cewa tsayawa gaban jama'a a yi magana ba sai mutanen Kano ko Indiya ba, shi ma zai iya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna da shawara ga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ga labari nan a ƙofar gidanmu: zuwan Bayajidda Daura, tsohuwa Ayana da ta sauke shi, macijin rijiyar Kusugu da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da sarauniya Daurama. Yaron da ya ga wannan a dandali, ranar da aka kai shi Kusugu zai leƙa rijiyar da idon wanda ya san labarinta. In ya ga hawan Sallar Gani, zai san cewa masarautar nan tana da tushe mai nisa.

Ba mu ce masu korar yara ba su da hujja ba. Yara na surutu, wasu na tsorata su yi kuka, iyaye kuma na fargabar cunkoso da dawowar dare. Amma kowane ɗaya yana da magani. A fara wasa bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Kada ya wuce minti 40. A shimfiɗa tabarmi a gaba domin yara, kowane yaro da babbansa a kusa. Malamin da ke kula da ƙungiya ya duba wasan tun wurin gwaji, a cire duk kalmar da ba ta dace da kunnen yaro ba.

Ku kuma yayye, akwai aiki a kanku. Ku nemi izinin iyaye tukuna. Ku ba yaron labarin a taƙaice tun a gida, ku gaya masa cewa macijin nan buhu ne da tsumma, kuma ɗalibi ne a ciki. Ku riƙo masa ruwan sha, ku zauna kusa da hanyar fita. In ya yi kuka, a fita da shi ya huce, ba duka ba tsawa. A hanyar komawa ku tambaye shi wa ya fi burge shi da dalili. Amsarsa za ta nuna muku abin da ya fahimta.

Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu su ware wasa ɗaya a kowane zango domin ƙannenmu na firamare. Idan muka ci gaba da rufe musu ƙofa, nan gaba za a nemi masu tashe da masu hawa dandali a rasa. Allah Ya sa a duba.

Ƙungiyar 'Yan Jarida