Zancen Asusu: Wa ke riƙe da bakin jakarki ranar kasuwa?

 

Rabon asusu ya kusa ga ƙungiyoyi da yawa, shi ya sa zancenmu na wanga karo ya tsaya kan saye. Mace ta yi wata da watanni tana zuba dala ashirin, dala hamsin, ko ruwa ko iska ba ta fashi. Ranar da anka buɗe akwati ta karɓi rabonta, kafin Laraba biyu ta zagayo kuɗɗin sun bi iska. In kin tambaye ta mi ta saya, sai ta yi ta lissafi, ita kanta tana mamaki. Ba sakarci ba ne. Akwai abubuwan da ke jan hannunmu zuwa bakin jaka, kuma in mace ta san su, ta fi ƙarfinsu.

Na farko shi ne idon mutane. Mafi yawan atamfar da muke saye ba don tsiraici ba ne, don kada a ce ne. An fidda anko, ƙawaye sun yanka, ke kaɗai za ki shiga gidan biki da tsohon zane? Haka kayan ɗakin ɗiya: kwalla da kumbo a jera har rufi, wasu ba za a taɓa zuba tuwo cikinsu ba, ana dai gudun bakin dangin miji. Ban ce a bar biki ba, biki zumunci ne, kuma gudummuwar da kika kai yau ita za a maido miki gobe. Amma a bambanta zumunci da gasa. Ƙungiya na iya zama ta yanke cewa ankon membobinta ba zai wuce kaza ba. Abin da mace guda ke jin kunyar ƙi, mata talatin in sunka haɗa baki sai ya zama doka.

Na biyu, zaƙin bashi. Dillaliya ta shigo gida, ta baje kaya bisa tabarma, ta ce: "Ɗauki, yaya, ba sai kin biya yau ba." Nan take kayan sunka yi sauƙi, don ba a ga kuɗɗi na fita ba. To mu yi lissafi da misali. Turmin da ake saidawa jika 6 hannu da hannu, ta ba ki shi jika 8, kina ba ta dala 100 kowane mako. Dala 100 ba ta da nauyi a kunne. Amma mako 16 za ki yi kina biya, kusan wata huɗu, kuma jika 2 kika ɗora, wato kashi ɗaya cikin uku na kuɗɗin turmin. Ba laifin dillaliya ba ne, sana'arta take, tana kuma jiran kuɗɗinta. Ke ce za ki tambaya: "In na biya yanzu, nawa?" Wannan tambaya kaɗai ke fito da tsadar bashi fili.

Na uku ya shafe mu mu mutanen bakin iyaka: ruɗin canji. Tun da naira ta faɗi sosai daga shekarar 2023, mace kan canja ƴan jikkuna a cika mata hannu da takardu, sai ta shiga kasuwar Lahadi ta Illelar Najeriya tana jin ta zama hajiya. Yawan takarda ba yawan kuɗɗi ba ne. Kaya ma sun hau can, kuma sai kin haɗa kuɗɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da abin da ɗan canji ya ci, da yinin da kika bar sana'arki. Wani abu ya fi araha can, gaskiya ne, wani kuwa da kin maida shi sefa sai ki tarar da na kasuwar Konni ya fi sauƙi. Kada mu manta kuma iyakar nan ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga watan Agusta na 2019 har ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Wadda duk jarinta ya rataya ga kayan ƙetare ta san abin da ta sha. Duk lokacin da anka ce "za a rufe" ko "kaya za su yanke", tsoro ke sa a saye da tsada. Ji labari wajen mutum biyu ko uku kafin ki kwance bakin zane.

Na huɗu, ƙulli-ƙulli. Sabulun gari na dala 10, sukari na dala 10, mai na dala 20. Muna sayensu don su hannu ke kaiwa, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai dala 10 kullum, a wata jika guda da rabi ke nan. Mai kanti ya sayi buhu ya ƙulla, kowane ƙulli da ribarsa. Mata biyar in sunka haɗa kuɗɗi sunka sayi katan ko buhu sunka raba, ribar ƙullin ta zauna gidajensu.

Na biyar, lokaci. Kowa ya san tiyar hatsi da kaka ba ita ce tiyar hatsi da damana ba. Albasar Galmi ma ranar da ake cire ta kamar a ba ka kyauta, bayan ƴan watanni sai mai hali. Tufafin yara da kuɗɗin ɗinki kuwa, goman ƙarshe na azumi suke tashi. Mun san wannan duka, amma sai mu sai da hatsi da kaka don biki, mu dawo mu saye shi da tsada lokacin da rumbu ya yi kwalam. Ƙungiyar da ta sa ranar rabonta kusa da kaka ta ba membobinta damar sayen abinci da sauƙi. Wadda ta sa shi jajibirin Sallah kuwa, ta san inda kuɗɗin za su.

Ga kuma sabon dillali da ke kwana ƙarƙashin matashinmu, wato waya. Hoton leshi da maganin gyaran jiki na yawo a WhatsApp, an haska shi da kyau, an ce saura kaɗan. Kallon kitse ake wa rogo. Abin da ba ki taɓa da hannunki ba, kada ki tura kuɗɗinsa. Man bilicin da magungunan da ba a san mai haɗa su ba kuwa, asararsu ta wuce ta aljihu, har lafiya suke taɓawa.

Mu tuna mu ma masu saidawa ne. Mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, mai fura: abin da ke maido miki da mai saye gobe shi ne tsabta, cikar awo da sakin fuska. Wanda anka ruɗa sau ɗaya yake zuwa.

Tsarin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 ya bazu ƙasashe da dama, don ya nuna mace na iya tara kuɗɗi da ƙarfin kanta. Sauran rabin dubarar shi ne kashewa. Ga aikin da nike roƙo a yi a zama mai zuwa: kafin a buɗe akwati, kowace ta faɗi gaban ƴan uwa abin da za ta yi da rabonta, nawa jari, nawa hatsi, nawa lakkol da magani, nawa kwalliya. Sakatariya ta rubuta. Kwalliya ma a ba ta nata kaso, ba haramun ba ce, amma ta zo daga ƙarshe. Ranar kasuwa kuma ki fita da kuɗɗin abin da kika yi niyya kaɗai, saura ki bar su gida. Abin da ya burge ki ba ya cikin niyya, ki bar shi sai wata Laraba. In har yana ranki bayan kwana bakwai, kila bukata ce.

Bayan wata guda a buɗe littafin a duba. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko muna da yadda ta kaya, mu sa a wanga shafi wasu su ƙaru.

Allah shi sa albarka cikin zubinmu. Sai karo na gaba.