Wa Ke Zaɓar wa Yaran Bakin Ruwa Karatu?

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB raina ɓaci yake yi. Yaro ya gama sakandare a Yelwa ko Wara ko Shanga, ya je cike fom, a tambaye shi me zai karanta, ya yi shiru. Sai mai kwamfuta ya ce, "Sa likita mana, ko lauya." Shi ke nan an yanke wa ɗan mutane makoma, na bayansa a layi suna ta cewa a yi sauri.

Ban ga laifin yaron ba. Ɗan shekara 17 da bai san abin da yake so ba, ba sakarci ke damunsa ba, ba a taɓa nuna masa komai ba ne. Tun shigarsa babbar sakandare aka raba su, masu ƙoƙari ajin kimiyya, saura duk inda aka samu benci. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce darussan da ka ɗauka yau su ne za su buɗe maka wata ƙofa gobe, su rufe wata. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu. A takarda ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tafkin nan da muke kwana muna tashi a gefensa. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungu da gonaki, aka tayar da mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yawuri. Mun biya kuɗin tafkin nan da gidajen kakanninmu. A ƙarshensa, a New Bussa ta jihar Neja, akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa, akwai kwalejin tarayya ta koyon fasahar kiwon kifi, akwai ta kula da namun daji. Shiga ajin ƙarshe a kowace sakandare ta Ngaski ka tambayi wa ya taɓa jin labarinsu, ka ƙirga hannuwan da za su tashi.

Dalili kuwa raini ne. Masunci ya sa ɗansa boko don kada ya yi ƙarnin kifi, kuma na fahimce shi: su ya yi wuya, taru mai ƙananan ido ya kwashe 'ya'yan kifi, giwan ruwa ta zama sai an dace. Amma ai wannan ne ya sa ake bukatar ɗansa ya karanci ruwan. Yaron da ya iya jefa birgi tun yana ƙarami, ya san lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, ya riga ɗan birni nisa a wannan fanni, sai mu ce masa abin kunya ne. Ƙasar kuma tana ta sayo kifin ƙanƙara daga waje.

A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara, rayuka da yawa suka salwanta. Ina yaranmu masu karatun ƙera jirgi da tsaron hanyar ruwa? Ana tonon zinariya da hannu a ƙasar Yawuri, ina masu ilimin ma'adinai? Albasa tana ruɓewa a rumbu, ga Jami'ar Noma ta Tarayya nan a Zuru, ga ta kimiyya a Aliero tun 2006.

Muna bukatar likitoci, babu musu. Sai dai guraben kaɗan ne, wanda ya rasa kuma yakan zauna gida yana maimaita jarrabawa har zuciyarsa ta mutu, daga baya ya karɓi duk kwas ɗin da aka jefa masa.

Masarautar Yawuri, wadda sarkinta, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, bai dace yaranta su riƙa zaɓar karatu da ka ba. 'Yan bokonmu da ke zuwa gida kallon bikin Rigata, ku ware yini guda ku shiga aji ku faɗi aikin da kuke yi da hanyar da kuka bi. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don yankunan madatsun ruwa, ta ba da motar da za ta kai ɗalibai New Bussa su gani da idonsu. Shugabannin makarantu kuma, ku ba malami ɗaya wannan aiki tun kafin a raba yara aji, ba ranar cike fom ba.