YARON DA KE TANGAƊI KAMAR MAI MAYE: KADA MU YI SAURIN CEWA ISKA CE

'Yan uwa iyaye na Shanga, Yauri, Ngaski da duk ƙauyukan bakin ruwa.

Yaronka jiya lafiya lau yake gudu. Yau ya tashi yana tafiya yana buɗe ƙafafu, yana tangaɗi, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi hannun na rawa, magana ma tana jan harshe. Me za a fara cewa a gida? "Ya je wanka da magariba, mutanen ruwa sun taɓa shi." Sai hayaƙi, sai rubutu, sai a yi wata guda ba a je asibiti ba. Ni a ganina wannan jinkirin ya fi ciwon kansa cutar da yaranmu.

Likitoci na kiran wannan hali *ataksiya*. Alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a bayan kai, daidai ƙeya, ita Allah Ya ɗora wa aikin daidaita tafiya, hannu, ido da harshe. In wani abu ya taɓa ta, sai jiki ya rasa saiti.

*Wanda ke zuwa farat ɗaya*

Mafi yawa a ƙananan yara yana biyo bayan rashin lafiya, musamman ƙarambau. Irin wannan yakan warke cikin 'yan makonni. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da taifod da sanƙarau su ma suna kawo shi, kuma ku kun san yadda sauro yake a bakin Tafkin Kainji. Haka yaron da ya haɗiye ƙwayoyin manya, ko aka zarce masa ƙa'idar maganin farfaɗiya.

Sai guba. Ƙasar Yauri ƙasar zinariya ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Zaibar da ake kama zinariya da ita, wato makuri, ita ma tana lalata wannan sashen ƙwaƙwalwa. Don Allah kar a daka dutse a tsakar gida, kar a ƙona zaiba kusa da yara.

*Wanda ke zuwa a hankali*

In tangaɗin yana ƙaruwa mako bayan mako, ga ciwon kai da amai da sassafe, ana jin tsoron ƙari a ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya jira.

Akwai kuma na gado. Wani iri sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini, alhali su lafiyarsu ƙalau, kamar dai sikila: kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Cikinsu akwai wanda likitan Jamus Friedreich ya bayyana a 1863, mai taɓa har zuciya. Akwai mai farawa tun yaro na koyon tafiya, daga baya jajayen jijiyoyi su fito a farin ido, ga yawan ciwon ƙirji. Wani iri kuwa daga mahaifi ɗaya ake ɗauka, yiwuwarsa 1 cikin 2, shi ya sa za ka ga kaka da ɗa da jika duk da shi.

Auren zumunci halal ne, babu mai ja da haka. Amma in an ga yara biyu ko uku a dangi da wannan lalura, a nemi shawarar likita kafin a sake ƙulla wani. Kuma malam, ka daina cewa daga dangin matarka ya fito. Sau da yawa rabi naka ne, rabi nata.

*Me likita zai duba?*

Zai tambayi ranar da abin ya fara, ciwon da yaro ya yi kafin nan, maganin da aka ba shi har na gargajiya, da ko akwai mai irinsa a dangi. Ku faɗi gaskiya, ku tafi da kwalbar. Zai sa yaro ya taɓa hancinsa sannan yatsan likita, ya yi tafiya dunduniya na bin ɗan yatsa, ya tsaya ya rufe ido. Zai duba ko ƙwayar ido na rawa, ya buga gwiwa da 'yar guduma. Sai gwajin jini, in ta kama a yi hoton ƙwaƙwalwa. A fara da Babban Asibitin Yauri. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

In akwai zazzaɓi, jijjiga, sanƙarewar wuya, amai ko yawan barci, a tafi a ranar, ko da dare ne.

Wani zai ce kuɗin mota fa, kuɗin hoto fa? Gaskiya ne, da nauyi. Amma lissafa kajin da aka yanka da kuɗin da aka kai wa masu magani cikin wata guda. 

Ban ce a bar ruƙya ba. A tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, a yi sadaka, a yi addu'a. Manzon Allah (SAW) shi ya umarce mu da neman magani. Zuma da habbatus sauda suna da amfaninsu, amma ba sa fitar da dalma daga jini, ba sa cire ƙari. A yi addu'ar a kan hanyar asibiti.

Kafin ya warke, kar a bar shi shi kaɗai a kwalekwale, bakin ruwa, rijiya ko murhu. Na gado ko da ba a samu waraka ba, gashin ƙashi da motsa jiki na taimakawa, kuma yawancinsu hankalinsu garau, a bar su su je makaranta.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya shirya mana su. Amin. A tura wa sauran iyaye.