Aiki a Yamai, kwana a Tawa

Tun kaka da kakanni ɗan Adar ya san hanyar neman kuɗi: in an kai hatsi rumbu, sai ya ɗaure kaya ya tafi biɗa, ko Abija, ko Kano, ko Libiya, sai damina ta maido shi gida. Wanda ya yi lakkol ma bai tsira ba, domin manyan ma'aikatu suna Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa ta hanyar Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Albashi na can, gona da tsofaffi suna nan.

Cutar korona ce ta buɗe wata ƙofa. A watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko da ya kamu a Nijar, gwamnati ta killace birnin Yamai, ƙungiyoyi da kamfanoni da dama suka ce ma'aikatansu su yi aiki daga gida. Cuta ta wuce, amma mai lissafin kuɗi da mai fassara da mai tsara rahoto sun gane cewa aikinsu yana cikin na'ura, ba cikin biro ba. To, me zai hana su ɗauki na'urar su koma Tawa?

Abin da zai hana shi ne maigidan aiki. Shi kuwa ba a shawo kansa da kukan kuɗin haya ko rashin lafiyar tsohuwa. Zai jajanta, ya ce a yi haƙuri. Tambayarsa guda ce: in wuta ta ɗauke fa? Kuma yana da gaskiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ba ta isa ta ɗauki jiha ba. Saboda haka ma'aikacin da zai shiga wurin shugabansa, ya shiga da amsa a hannu: ga faranti mai hasken rana da batir, ga layin Airtel, ga na Moov ko na Zamani in ɗaya ya yanke. Tun 2025 kuma Starlink yana aiki a ƙasa, ga mai halin biya.

Ya nemi gwaji na wata 3, kada ya nemi komi gaba ɗaya. Ya yarda zai hau Rimbo ya zo taro sau ɗaya a wata, a faɗi tun farko wanda zai biya kuɗin motar. Ya ce a auna shi da aikin da ya miƙa ranar da aka sa masa.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen albashi. Wani shugaban zai ce rayuwa a Tawa ba ta kai ta Yamai tsada ba, don haka a rage kuɗin gida, ko a maida mutum ɗan kwangila. Nan ne ramin. Ɗan kwangila ba a zuba masa kuɗin CNSS, ba shi da fansho, ranar da aka gaji da shi kuma ko takardar sallama ba sai an ba shi ba. A Faransa, tun 2017, shugaban da ya hana ma'aikacin da ya cancanta yin aiki daga gida dole ya faɗi dalili. Ma'aikacin Nijar kuwa, garkuwarsa ita ce dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 da takardar da aka sa wa hannu. Maganar baka ta shugaba, in an canja shi, da ita yake tafiya. A rubuta muƙami, da albashi, da sa'o'in aiki, da ranar da za a sake zama, a kai wa sufetan aiki ya duba.

Duk wannan zance na cikin garin Tawa ne, inda akwai jami'ar Jibo Hamani da bankuna da rezo. Wanda ya ce zai zauna arewa, wajen Tiliya ko Tasara, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a 2017, da wuya shugaba ya saurare shi.

Sai kuma matsalar da ba a kai wa shugaba: gida. Mutumin da aka gani zaune cikin zaure da rana, a idon dangi ba shi da aiki. Suna, jana'iza, rakiya asibiti, rabon gado, duk shi za a aika wa yaro. In bai koyi rufe ƙofa daga ƙarfe 8 zuwa azahar ba, kafin watannin gwajin su cika zai ga takardar kira daga Yamai.