Maƙabartar kaboyi ta Ispaniya da abin da muke bari yana ɓacewa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan silima a Maradi ko Damagaram ya san fim ɗin kaboyin nan na Sergio Leone, The Good, the Bad and the Ugly, wanda ya fito a 1966. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka a Amurka aka yi shi, alhali darektan ɗan Italiya ne, kuma galibin filayen da muka gani a ƙasar Ispaniya suke.

Sojojin Ispaniya ne suka gina babbar maƙabartar da ake ƙare fim ɗin a cikinta, mai suna Sad Hill, a lardin Burgos, da dubban kaburburan da babu gawa ko ɗaya a cikinsu. Su ne kuma suka gina gadar da aka tarwatsa a fim ɗin. Saboda rashin fahimtar juna, aka tayar da nakiyar tun kyamarori ba su fara ɗauka ba, dole aka sake gina gadar aka sake fasa ta. Ƴan wasan ma ba harshe ɗaya suke ji ba: Clint Eastwood na magana da Turanci, wasu da Italiyanci ko Sifaniyanci, sai daga baya aka ɗora muryoyi.

Bayan an gama aiki aka watsar da maƙabartar, ƙasa da ciyawa suka rufe ta kusan shekara 50. A 2015 ƴan sa-kai suka ɗauki fartanya da shebur, suka tono dandalin duwatsun, suka sake kafa kaburburan. Yau masu yawon buɗe ido na zuwa ganin wurin.

A wannan shekara ta 1966, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a nan Nijar, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Djingarey Maïga da Zalika Souley sun fito a ciki, har Serge Moati ya ɗauki yadda aka yi aikin a fim ɗinsa Les cow-boys sont noirs. Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015, shekarar da mutanen Burgos suka fara tonon maƙabartarsu. Matasanmu nawa ne suka taɓa kallon fim ɗinsa?

Wani zai ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar abinci ba ta da lokacin tsohon fim. Damuwar gaskiya ce. Amma mutanen Burgos ba su jira gwamnati ba, kuma abin da ake buƙata a nan bai taka kara ya karya ba: a nuna waɗannan fina-finai a gidan talabijin na ƙasa da gidajen raya al'adu na jihohi, a kai su makarantu, a naɗi bayanan dattawan da suka yi aikin ko suka shaida shi.

Maƙabartar Sad Hill ta jira rabin ƙarni saboda duwatsu ce. Dattawanmu ba za su jira haka ba: Zalika Souley ma ta rasu a 2021. Ya kamata ma'aikatar al'adu da ƙungiyoyin masu shirya fim su fara wannan aiki tun bana.