Yadda Yaran Japan Ke Buɗe Baki da Turanci

Yau za mu leƙa ajin firamare a ƙasar Japan, mu ga abin da ke taimaka wa ƙananan yara koyon Turanci.

Yaron Japan da wuya ya ji Turanci a gida ko a kasuwa, kuma lissafi da kimiyya duk da Japananci ake koya masa. Kusan duk Turancin da zai samu, a aji zai same shi. Daga shekarar 2020 ake fara darasin tun aji uku, sau ɗaya a mako, minti 45. A aji uku da huɗu ba a ba da maki. Sauraro da magana ne kan gaba, ta hanyar waƙa da wasa da gaisuwa. A aji biyar da shida ne yake zama cikakken darasi, sau biyu a mako, a shigo da karatu da rubutu.

Sau da yawa malamai biyu ne a ajin: malamin aji, da mataimaki mai jin Turanci sosai. Tun 1987 shirin JET ke kawo irin waɗannan mataimaka daga ƙasashe kamar Amurka da Ingila. Malamin aji kan yi hira da mataimakin a gaban yara, in bai gane ba ya nemi a maimaita masa. Yaron da ya ga babba yana tambaya ba ya jin kunyar tambaya. Daga nan a raba yaran biyu-biyu, kowa ya gwada da abokinsa kafin ya miƙe a gaban aji.

Dalilin fara horar da kunne shi ne, kusan kowace gaɓa a Japananci da wasali take ƙarewa. Kalmar Turanci ta madara sai ta koma "miruku" a bakinsu, kamar yadda mu ma muka samu "bokiti" da "burodi". Yaron da ya saba jin lafazin tun yana ƙarami ya fi saurin kama shi.

Mu a nan da Turanci ake koya mana yawancin darussa, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa. Duk da haka da yawanmu mun san amsa amma muna shiru, don kada a yi mana dariya idan muka kwaɓa. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya yakan yi zango guda bai sake ɗaga hannu ba.

A wannan makon mu gwada: kowa ya nemi aboki ɗaya, mu yi hirar minti goma da Turanci bayan an tashi. In wani ya yi kuskure a aji, mu bari ya ƙarasa maganarsa, malam ya gyara masa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.