Ba da itatuwa nake faɗa ba, da masu cin kuɗin marasa lafiya nake

Ƴan uwa, gwaggona ta ji ƙullutu a nono, ta yi wata takwas tana shan jiƙon wani mai magani da ke talla a rediyo yana rantsuwa yana warkar da kansa cikin kwana arba'in. Ta sayar da awakinta huɗu. Sai da wurin ya fashe muka hau mota daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Aka yi aiki, aka sa ta a layin gashi.

Ana tsakiyar gashin, fatar wurin ta saɓule har aka dakatar da ita kwanaki. Ashe kullum dare tana shafa wani ƙullin garin sassaƙe da wata maƙwabciya ta aiko. Ba ta faɗa wa kowa ba, don tun a gida wani ma'aikacin lafiya ya taɓa yi mata tsawa a gaban mutane da ta ambaci maganin gargajiya.

Na san za a ce na yi boko na raina gado. A'a. Vincristine da ake ba yara masu kansar jini daga wani fure na Madagaska aka samo shi. Paclitaxel na kansar nono daga ɓawon itace ya fito. Amma sai da aka tace su, aka auna, aka gwada, aka san adadin da ke kashe cuta ba ya kashe mutum. Wanda ke zuba maka jiƙo a tsohuwar robar ruwa, wa ya auna masa?

Gashi haske ne mai ƙarfi da ake saitawa daidai inda cutar take, ya lalata ƙwayoyinta su kasa hayayyafa. Galibi kwana biyar ake yi a mako, har makonni, kuma duk tsaikon da aka samu dama ce ga cutar. Fatar wurin ta riga ta yi laushi. Ka ɗora mata abu mai zafi, sai ƙuna. Wasu jiƙe-jiƙen kuma hanta da ƙoda suke wahalarwa, a jikin da ya riga ya gaji. Zogale a kwaɗo abinci ne, a ci. Amma ba ya maye gurbin na'ura.

Kuma kada hukuma ta wanke hannu. Ƙasar da ake haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, sai a 2021 ta samu na'urar gashi ta farko, a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai. Matar da ke Damagaram, kusan kilomita 900 ke tsakaninta da na'urar, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Mai jiƙo kuwa yana bakin kasuwa. Ya za a yi ba zai riga likita ba?

Don haka a hana tallar "maganin kansa" a gidajen rediyo. A kawo na'ura gabashin ƙasa. Ma'aikatan lafiya, ku tambayi mara lafiya abin da yake sha cikin mutunci. Wanda aka kunyata ɓoyewa yake.

Ku kuma matasa, ku ne ƴan rakiya. In za ku asibiti, ku kwashe duk kwalba da ƙullin da ke ƙarƙashin gado ku aje gaban likita. Gwaggo ta kammala gashinta, alhamdu lillahi, amma wata takwas ɗin nan har yau muna biyan bashinsu.